Kifin da Aka Ba Mamaci

Ƙarfe takwas da minti ashirin na safiyar Lahadi aka bugo wa Sufeto Teruya waya, aka ce jirgin haya na Kyaftin Ganeko ya dawo daga kamun kifin kwana da gawa a ciki. Ya ajiye kofin shayinsa, ya kira Saje Inamine, wadda suke aiki tare shekara huɗu ke nan, suka kama hanyar tashar jirage.

Tun daga nesa suka hango cincirindon mutane. Teruya ya ɗauka gawar aka kewaye. Da suka matso sai ya ga kifi ne. An rataye shi ta wutsiya a ƙugiyar sikeli, ya fi mutum tsawo, an cusa masa ƙanƙara a ciki har tana zubowa ta baki. Irin manyan kifin tuna ne da ke ratsa tekun Okinawa a watan Mayu. Dillalai na shafa shi, wasu na ɗaukar hoto, wani tsoho yana ta faɗa wa duk wanda ya iso cewa kilo ɗari da tamanin da bakwai ne.

"Ina mamacin?" in ji Teruya.

Wani ya nuna jirgin da haɓa, idonsa bai bar kifin ba.

Gawar tana can bayan jirgi, an rufe ta da shuɗin tamfol, rana na dukanta, ƙuda sun riga sun taru. Ko ƙwayar ƙanƙara ɗaya ba a sa mata ba. Ƙasan jirgin an watsa masa ruwa sama-sama, jini da majinar kifi na kai da kawo a kwana. Teruya ɗan masunci ne, a cikin ƙarnin nan ya girma, bai taɓa damunsa ba. Yau kam ya dame shi.

Mutum biyu na zaune a kan akwati a bakin gaɓa. Mai farin gashi, wanda ya sa farar safar hannu ta aiki duk da zafin da ake yi, shi ya miƙe ya rusuna.

"Sunana Tomori, likitan haƙori ne ni. Wannan Yabiku, mai shagon taya. Wanda muka rasa Maeshiro ne, tsohon direban bas. Toku muke ce masa tun muna firamare. Kowace shekara mukan yi hayar jirgin nan mu uku."

"Me ya faru, Tomori-sensei?"

"Kifin Toku ne ya kashe shi, in ka duba. Wajen ɗaya da minti ashirin na dare ya kama fatsarsa. Awa uku da wani abu yana fama da shi, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Ƙarfe biyar muka ɗora shi a jirgi. Yana juyowa don murna, sai santsin jini ya kwashe shi, ƙeyarsa ta daki ƙarfen da ake ɗaure igiya. Nan take ya cika. Ni na duba shi."

"Haka aka yi, Yabiku-san?"

"Haka aka yi," in ji Yabiku, yana kallon takalmansa.

"Yallaɓai, wata 'yar tambaya," in ji Tomori. "Kifin nan, za a iya kai shi ɗakin sanyi? In ya ƙara awa guda a rana namansa zai ƙone. Don iyalin Toku nake faɗa."

Teruya ya dube shi, ya dubi tamfol ɗin.

"Saje, sa a kawo inuwa a yi wa mamacin. Kifi ya tsaya inda yake."

Likitan 'yan sanda ya iso da tara saura. Ya durƙusa, ya yaye tamfol ɗin, ya daɗe yana dube-dube, sannan ya yafito Teruya.

"Wa ya ce maka wannan ya yi awa uku yana jan kifi?"

"Abokansa."

Likita ya juya tafin hannun mamacin. Sumul yake, ba bororo, ba ƙwarzane. Ya ɗaga rigarsa ya nuna ƙasan cibiya da cinyoyi.

"Nan ake kafa gindin sandar fatsa. Ko da ɗamarar da ake ɗaura wa mai jan kifi a ƙugu, wanda ya yi dambe da kifi mai nauyin nan sai jini ya kwanta masa a nan. Dubi, fes. Wannan bawan Allah jiya ko buhun shinkafa bai ɗaga ba."

"Ciwon kan fa?"

"Ka ba ni awa biyu. Akwai abin da bai yi mini ba, amma ba zan faɗa a tsaye ba."

Teruya ya hau ɗakin tuƙi. Kyaftin Ganeko na zaune yana zuƙar sigari na uku a jere, fuskarsa kamar busasshiyar fata.

"Ƙarfe nawa kuka juyo, Kyaftin?"

"Biyar. Yana faɗuwa na tayar da inji."

"Kunna mini allon hanyar."

Ganeko ya danna. Jan layi ya fito a kan taswira. Daga ɗaya da ashirin zuwa biyar jirgin yana jan jiki a hankali, yana karkacewa, alamar kifi ke jansu. Daga nan sai layin ya tsaya cik.

"Biyar zuwa biyar da arba'in ba ku motsa ba. Me kuke yi da gawa a jirgi har minti arba'in?"

"Kifin... sai an farke shi an cire kayan ciki nan da nan. In ba haka ba zafin jikinsa ya lalata naman."

"Rediyo fa? Yaushe ka kira masu ceto na teku?"

"Da muka hango gari."

"Shekara nawa kana tuƙi?"

"Talatin da ɗaya."

"A cikin talatin da ɗayan nan, wa ya koya maka haka?"

Ganeko ya murje sigarin a gwangwani.

"Ni zare kawai nake kallo, Yallaɓai. In kifi ya kama, idon mai tuƙi ba ya barin zare. Abin da na sani, wajen ƙarfe biyu Maeshiro-san ya hawo nan, gumi na zubo masa, ya dafe ƙirji, ya ce in taimake shi mu koma. Na leƙa na yi wa Tomori-sensei magana. Ya ce jirin teku ne, ya je ya kwanta. To, likita ne ya faɗa."

"Likitan haƙori."

Teruya ya matso kusa da shi.

"Mutumin da ke riƙe da kifi mai kilo ɗari da tamanin da bakwai ya ajiye sanda, ya hawo matakala, ya ce a koma gida. Wa ya bar wa sandar?"

"Fitilar baya tana kashe ido. Ban gane kowa ba."

"A jirginka mai tsawon taku goma sha biyar, da mutum uku."

"Sensei ne ya sa mini haƙoran nan na gaba," in ji Ganeko a hankali, kamar wannan amsa ce.

Teruya ya sauko daga jirgin.

A ofis aka raba su ɗaki-ɗaki. Yabiku aka fara shigo da shi. Ƙato ne mai tumbi, rigarsa duk busasshen jinin kifi, ga warin barasar awamori yana fita daga jikinsa. Saje Inamine ta buɗe taga kafin ta zauna.

"Kun ɗauki hoto da kifin, Yabiku-san?"

"Haba, 'yata, da mutuwa a jirgi? Wa yake da zuciyar hoto?"

"To ba ni wayarka in gani."

Ya miƙa mata ba gardama, don ya san ya goge hotunan. Inamine ta yi 'yan danne-danne, ta shiga inda waya ke ajiye abin da aka goge. Ta turo wa Teruya.

Hotuna bakwai ne, na farko biyar da minti goma sha huɗu. Gari ya fara wayewa. Yabiku ne kwance kusa da kifin, ya rungume shi, bakinsa har kunne. A wani hoton ya ɗaga wani jan abu a kan wuƙa.

"Mene ne wannan?"

"Zuciyar kifin. Al'ada ce, a yanka a ci da ɗumi-ɗuminta da ɗan miyar waken soya."

"Kuka ci?"

"Muka ci."

Teruya ya buɗa hoto na biyu da yatsu. A can kwanar hoton gefen shuɗin tamfol ya fito, da hannun mutum a waje, tafin a buɗe yana kallon sama. Ya matsa zuwa na biyar, wanda aka ɗauka bayan minti shida. Hannun ya kife, yatsun sun damƙe bakin tamfol ɗin.

Ya juya wayar ya ajiye a gaban Yabiku, ya nuna masa ɗaya, ya nuna masa ɗayan.

Yabiku ya daɗe yana kallo. Can sai ya sunkuya ya yi amai a kwandon shara. Inamine ta kau da kai, ta matsa da kujerarta.

"Igiyar ruwa ce ta juya shi," ya faɗa yana goge baki da hannun riga.

"Igiyar ruwa ba ta damƙe yatsun mutum."

"Ni ban taɓa shi ba. Na rantse da kabarin uwata. Ni ina baya, na riƙe ɗamara don kada kifi ya ja mutum cikin ruwa."

"Ɗamarar wa?"

Yabiku ya fara kuka, irin kukan babban mutum mai muni, majina na bi masa leɓe.

"Tun muna yara shi ke faɗa mu bi. In ya ce a yi shiru, shiru ake yi. Toku ya fito daga ɗaki wajen ƙarfe uku, da ƙyar yake tsayuwa, ga wuƙa a hannunsa. Ya ce tunda ba za a koma da shi ba, zai yanke zaren. Daga nan ban ga komai ba, na sunkuyar da kai. Ƙara kawai na ji."

"Da ka ɗago fa?"

"Yana kwance."

"Ka saki ɗamarar ka je wurinsa?"

"In na saki ai kifin ya tafi da mutum."

"Ƙarfe biyar kifi ya hau jirgi. Hannunka ya samu sarari. Me ka yi da shi?"

Yabiku ya dubi hoton da yake rungume da kifin.

Suna fitowa likitan 'yan sanda ya bugo.

"Teruya-san, wurin ciwon ya kumbura, jini ya daɗe yana taruwa a cikin kai. Gawa ba ta yin haka. Ya yi awa biyu da rai bayan faɗuwar, ko fiye. Ya yi amai a ƙarƙashin tamfol ɗin ma, a kwance. Ciwon zuciya kuma ya fara kama shi tun kafin nan, akwai kwalbar ƙwayar maganinsa a aljihu, babu ko ɗaya a ciki."

"Da an kira ceto ƙarfe uku?"

"Jirgi mai saukar ungulu minti arba'in zai kai shi can. Ba zan rantse maka zai rayu ba. Amma na ga waɗanda suka fi shi muni sun tashi."

Teruya ya wanke fuska a famfon baranda, ya sayo shayi mai sanyi na gwangwani biyu, ya shiga ɗakin da Tomori yake.

Likitan haƙorin na zaune ƙafa kan ƙafa, ya gyara gashinsa. Teruya ya ajiye masa gwangwani ɗaya. Tomori ya gode, ya kai hannu, yatsunsa suka kasa ɗaga marfin. Ya sake gwadawa, gwangwanin ya suɓuce ya gangara.

"Cire safar mana, sensei. Za ka fi jin daɗin buɗewa."

"Na saba da ita."

"Cire."

Ya cire a hankali, don ta manne da fata. Tafukan duka biyu sun yi bororo sun fashe, jan nama a waje, yatsun sun ƙage kamar na kaguwa.

"Wajen ɗora kifin a jirgi ne. Igiya ta ci ni."

"Haka ne," in ji Teruya, ya buɗe nasa shayin ya kurɓa. "Ai mun gano ba Maeshiro-san ne ya kama kifin ba. Hannunsa sumul. Mun kuma gano wanda ya kama. Yabiku-san ya yi bayani."

"Me ya ce?"

"Ya ce fatsarka kifin ya fara kamawa, amma ko minti ashirin ba ka yi ba ka ce bayanka zai karye, ka miƙa masa. Shi ya yi sauran awa ukun. Ban yi mamaki ba. Mai ɗaga taya daban, mai ciro haƙori daban. Ga hotuna ma, shi kaɗai ne da kifin. Ƙungiyar masunta na jira in ba su sunan da za su rubuta a allo, zan ce musu Yabiku."

Yabiku bai faɗi haka ba. Inamine, da ke rubutu a gefe, ba ta ɗago kai ba.

Jijiyar wuyan Tomori ta miƙe. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Yabiku? Wanda ko kifin kilo goma ya kama sai ya zauna yana haki? Wannan buhun kitsen?"

"Abin da ya ce ke nan."

"Awa uku da minti arba'in, Sufeto. Ba wanda ya taɓa sandar nan sai ni. Ko ruwa a baki aka zuba mini. Sau huɗu yana zuwa gindin jirgi yana komawa ƙasa, sau huɗu ina dawo da shi. Ina da shekara sittin da ɗaya. Ka je ka tambayi duk tashar nan ko akwai sa'ana da ya taɓa yin haka."

"To kai ne a kan sanda ƙarfe uku, lokacin da Maeshiro-san ya fito da wuƙa."

Tomori ya dubi hannuwansa, ya dubi biron Inamine da ke tafiya a kan takarda. Teruya ya ga lokacin da mutumin ya gane abin da ya faɗa, ya kuma ga cewa bai yi nadamar faɗa ba.

"Shekara goma sha tara ina bin irin kifin nan," in ji Tomori. "Kai ba ka san Toku ba. Kullum shi ke ɓata tafiya. Bara ƙafarsa ce, bariya cikinsa. Ni nake lallaɓa shi ya zo, don kada a ce mun yar da shi. Sai a daren da abin ya zo hannuna, ya tashi da ciwon ƙirji."

"Ka san ba jirin teku ba ne."

"Na san yana da ƙwayarsa. Na ce ya sha ya ba ni awa ɗaya."

"Sai ya zo yanke zaren."

"Ya kai wuƙar saura kaɗan. Hannuna biyu na kan sanda. Ƙafa na sa na ture shi. Turewa ce kawai."

"A ina?"

"A ƙirji."

Inamine ta daina rubutu na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.

"Wa ya rufe shi da tamfol?"

"Ni na ce Yabiku ya ja masa da ƙafa. Yana wani irin minshari, idonsa a buɗe, yana kallona. Ba a iya jan kifi ana kallon mutum haka."

"Da kifin ya hau jirgi, ka duba shi?"

"Bayan mun gama da kifin. Lokacin ya riga ya tafi."

"Bayan kun ci zuciyar."

Tomori ya gyara zama.

"Ka rubuta wannan ma, Saje. Ni na ce a ce kifin Toku ne. Ban shiga hoto ko ɗaya ba. Kifin da na jira shekara goma sha tara, na ɗauka na ba shi, don matarsa da jikokinsa su riƙa cewa ya mutu yana namiji. Wane aboki ne zai yi wannan?"

"Ka ba shi ne don kada a tambayi inda ƙafarka take ƙarfe uku," in ji Teruya. Ya miƙe. "Tomori-san, na kama ka da laifin raunata Maeshiro Seitoku da barinsa ya mutu. Yabiku da Ganeko ma za su amsa nasu. Miƙo hannu."

Inamine ta sa masa ankwa, ta yafa tawul a kai kamar yadda aka saba, suka fito da shi ta baranda zuwa motar da za ta kai shi babban ofis.

A bakin ƙofa wata 'yar ƙaramar tsohuwa na zaune a benci, da jaka a cinya, an ga alamar ta fito a gaggauce, don takalmanta na cikin gida ne. Matar Maeshiro ce. An gaya mata mijinta ya faɗi a jirgi, ba a gaya mata sauran ba. Tana ganin Tomori ta miƙe, ba ta lura da tawul ɗin ba. Ta rusuna har ƙasa.

"Sensei, an ce kai ka duba shi. Na gode da kana kusa da shi. Kullum yakan ce in dai kana jirgin, kada in damu."

Teruya ya jira ya ga ko mutumin zai sunkuyar da kai ya wuce. Tomori ya tsaya, ya daidaita kafaɗu, ya rusuna mata daidai yadda ya kamata.

"Bai sha wahala ba," ya ce mata.

"Tafi da shi, Saje," in ji Teruya.

Ya tsaya har motar ta fita daga harabar. Sannan ya juyo wurin tsohuwar, ya rusuna, ya faɗa mata sunansa, ya roƙe ta ta shigo ciki ta zauna, ya sa aka kawo mata ruwa. Ya ja kujera ya zauna a gabanta, ya fara ba ta labarin tun daga ƙarfe biyu, lokacin da mijinta ya hau matakala ya ce a mai da shi gida.